Zama Ɗan Ƙasa na Duniya da Iyakar Ikon Gwamnati: Shari'ar Gambiya da Myanmar

Galibi ana bayyana aƙidar zama ɗan ƙasa na duniya a matsayin halin mutum shi kaɗai, wato ya damu da abin da ya sami na nesa kamar yadda yake damuwa da na kusa. Da wannan fuskar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin muradunta na ci gaba mai ɗorewa na 2015, a sahun abubuwan da za a koyar a makarantu. Hujjar wannan maƙala ita ce aƙidar ba ta taɓa sha'anin mulki sai ranar da wata gwamnati ta ɗauke ta a matsayin nauyi, ta yi amfani da kujerarta don kare mutanen da ba talakawanta ba.

Hannah Arendt, wadda ita kanta ta shafe shekaru ba ta da ƙasa, ta nuna a littafinta na 1951 cewa haƙƙin ɗan Adam kan tashi a banza da zarar mutum ya rasa hukumar da za ta tsaya masa. Musulmin Rohingya shaida ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 a Myanmar ta rataya cikakken 'yanci a kan ƙabilun da hukuma ta yarda sun zauna a ƙasar kafin 1823, kuma jerin ƙabilu 135 da gwamnati ke aiki da shi bai ambace su ba. Mutumin da aka haifi kakansa a jihar Rakhine sai ya nemi izini kafin ya tafi wani gari, ko ya ɗaura aure. A 2015 aka soke farin katin wucin gadi da suke riƙe da shi, ƙuri'arsu ta tafi tare da shi. Daga Agustan 2017, da sojoji suka shiga ƙona ƙauyuka, fiye da mutum 700,000 suka tsallaka Bangladesh.

Wadda ta kai ƙarar Myanmar Kotun Duniya da ke Hague a Nuwamban 2019 ita ce Gambiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan uku ba, wadda kuma ba ta daɗe da fita daga mulkin shekara 22 na Yahya Jammeh ba. Ministan shari'arta na lokacin, Abubacarr Tambadou, ya taɓa aiki a kotun da ta hukunta masu kisan ƙare dangi na Ruwanda, kuma ya je sansanonin Cox's Bazar da ke Bangladesh a 2018 ya ji daga bakin waɗanda suka tsira. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta mara masa baya.

Lauyoyin Myanmar suka ce wannan shiga sharo ba shanu ne: ba a taɓa ɗan Gambiya ko ɗaya ba, kuma Gambiya 'yar aike ce kawai ta waccan ƙungiya. A ranar 22 ga Yuli, 2022, kotu ta yi watsi da wannan. Ta ce duk ƙasar da ta shiga yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 tana da hurumin tuhumar wadda ta karya ta, ko da ɓarnar ba ta shafe ta ba. A ganina nan ne aƙidar ta tashi daga wa'azi ta zama doka. Tun Janairun 2020 ma kotun ta umarci Myanmar ta kare Rohingya, ta adana shaidu, ta riƙa kawo rahoto duk wata shida. Gwamnati ke nan tana ba da bahasi ga wasu a kan yadda take riƙon mutanen cikin gidanta.

Masu sukar aƙidar za su ce kotun ba ta da ɗan sanda, kuma gaskiyarsu ne. Mai tilasta hukuncinta shi ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Sin da Rasha suka hau kujerar na ƙi a kan batun Myanmar a 2007. Sojojin da ake zargi su ne suka ƙwace mulki a Fabrairun 2021. Sai dai wannan raunin aiwatarwa ne, bai rushe hurumin da aka tabbatar ba, kuma kowace ƙaramar ƙasa na iya bin sawun Gambiya. Abin da ba a kai gare shi ba shi ne ainihin buƙatar Rohingya: dokar 1982 tana nan, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya na zaune a sansanonin Bangladesh ba su da ƙasa.