Daga Allon Katako Zuwa Allon Kwamfuta

Kakanninmu da suka sauke kaya a nan Gitata, wasu fatake, wasu masu neman ƙasar noma, ba su zo da tebur ko kujera ba, amma sun zo da allo. Masassaƙi ne ke fafe shi, alƙalami daga gamba, tawada kuwa a dafa ta da gawayi da ƙaro. Yaro ya haddace, ya wanke, malam ya biya masa na gaba. Duk talaucin gida, da wuya ka ga yaron da ba shi da allonsa na kansa. In ya tsage ma, a nan cikin unguwa za a sassaƙa wani.

Da boko ya shigo sai kayan karatu suka fara zuwa daga nesa: alli, fensir, littafin rubutu. Dattawanmu na tuna 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe firamare kyauta ga kowa, aji ya cika maƙil, yara na rubutu a kan cinya. Duk da haka fensir bai fi ƙarfin uba ba.

Kwamfuta ce ta zo da wani abu daban. A 2007 an raba wa 'yan firamaren Galadima, can Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, waɗanda aka yi ta kira na dala 100. Yara sun iya su nan da nan, ai yaro ba ya tsoron na'ura. Wuta da gyara ne suka zama aiki.

Mu kam ba ta hannun malami ta iso mana ba, ta hannun jarrabawa ta zo. JAMB ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. To, ka ga yaron da ya shekara shida a sakandare, ya san lissafinsa sarai, amma sai an yi sammako da shi zuwa Keffi sannan zai fara ɗora yatsa a kan maɓalli, ga agogo na tafiya a gefen allon. Wallahi ba jahilci ke kayar da wasu ba, rawar hannu ce.

Da korona ta rufe makarantu a 2020, aka ce a koma karatu ta intanet. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuma yana kasuwa. Rediyo ce ta ɗan rufa asiri.

Yanzu WAEC ma ta kama wannan hanya tun 2024. Yaran da ke aji ɗaya na babbar sakandare a unguwar nan, su nawa ne suka taɓa zama gaban kwamfuta na awa guda? Kowa ya ƙirga na gidansa kafin taron iyaye da malamai mai zuwa.