Hular Haƙori: Ta Ƙarfe Ko Ta Tangaran?

Maganarmu ta yau a kan matauna ce, watau manyan haƙoran nan na can ciki waɗanda ake ce wa turame. Idan ɗayansu ya yi kogo babba ko ya tsage, amma saiwarsa na da sauran ƙarfi, likita yakan fiƙe shi kaɗan ya kifa masa hula. Mutanen Jushi da Samaru da Sabon Gari da ake aikawa babban asibitin Shika sukan komo ɗakin shan magani da tambaya guda: wace hula ta fi daɗewa, ta ƙarfe ko ta tangaran? Gama kuɗinta ba kaɗan ba ne. To, sai mu bi tarihin abin.

Kowa ya san haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi. Wannan ado ne, a gaba ake sa shi, ba shi ke niƙa aya ko goro ba. Hular matauni kuwa aikin ƙarfi take yi kullum.

Zinariya ce ta fara. Tun wajen shekara 2,600 da suka wuce waɗansu mutanen ƙasar Italiya suna ɗaure haƙora da ita. Amma sai a 1907 wani likita a Amurka, William Taggart, ya nuna yadda za a yi zubinta daidai da haƙorin mutum. A siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe shi, a narkar da kakin, sa'an nan a zuba narkakkiyar zinariya a gurbinsa. Dabarar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, da ita maƙeran Binin suka yi zubin tagulla tun kafin zuwan Turawa. Zinariya ba ta fashewa, ba ta cin haƙorin da ke karo da ita, ba ta kuma bukatar a fiƙe haƙori da yawa. Akan sami wadda ta yi shekara 30 ko 40 a baki. Aibinta biyu ne, tsada da launi.

Saboda launin nan ne Charles Land na birnin Ditiroit ya fito da hular tangaran zalla a 1889. Ta yi kyau ƙwarai a haƙoran gaba. A matauni fa? Ku tuna abin da ke samun kwanon tangaran idan ya gamu da dutse. Tsakuwa guda a cikin shinkafa ta isa.

A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, aka yi rajistar wata dabara a Amurka ta gasa tangaran bisa ƙarfe, ciki ƙarfi, waje fari. Ita ta riƙe duniya shekaru da dama. Da zinariya ta yi tsada bayan 1971, sai aka koma ga ƙarafa masu araha, waɗansunsu da nikel a ciki. Matar da 'yan kunne masu araha ke sa wa ƙaiƙayi, lalle ta gaya wa likita tun kafin a yi mata. Wani lokaci tangaran ɗin yakan ɓantare ya bar ƙarfen a fili, amma sau da yawa hular tana ci gaba da aikinta.

Daga wajen 1998 sababbin irin tangaran masu ƙarfi suka shigo, daga baya kuma wanda ake kira zirkoniya ya yaɗu. A 2015 likitoci a Turai suka tattara sakamakon bincike masu yawa. Suka ga bayan shekara 5, wajen 95 cikin 100 na hulunan ƙarfe da tangaran suna nan daram, sababbin na tangaran masu kyau kuma sun kusa da haka, wani iri ma kafaɗa da kafaɗa. Tsohon irin tangaran ne suka ce a bar shi ga haƙoran gaba. Sai dai ku lura, zirkoniya ba ta kai shekara 30 ana sa wa mutane ita ba, alhali kuwa zubin zinariya ya haura 100. A ganina, mai cizon haƙora cikin barci, ko mai fasa ƙashi da shan rake, ƙarfe zalla ya fi masa a matauni na ƙarshe, inda ba mai gani. Wanda ya fi son fari, ya tambayi sunan irin da za a sa masa, a kuma goge shi sumul, gama tangaran mai kaushi yana cinye haƙorin da ke karo da shi.

Saura abu guda. Hula ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana ruɓewa, daga bakinta inda ta haɗu da dasashi. Can abinci ke maƙalewa, ta nan kuma huluna da yawa ke lalacewa, ko na ƙarfe ko na tangaran. A riƙa bin wurin da asuwaki ko burushi da makilin safe da dare. Idan ta soma motsi, ko wari, ko ruwan sanyi na zuga ta, a koma wurin likita cikin makon nan. In ta faɗo, a ƙulle ta a tsumma mai tsabta a tafi da ita, sau da yawa ana iya mayarwa. Kada a liƙa ta da gam na kasuwa.