Da Za Mu Gina Zauren Karrama Mawaƙa, Wa Za Mu Shigar?

A birnin Cleveland na Amurka akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1995 domin karrama gwanayen kiɗan rock. Tun 1986 ake zaɓen waɗanda za a shigar, kuma ba a duba mawaƙi sai faifansa na farko ya shekara 25 da fita. Duk shekara sai an yi musu. Fela Kuti ma an sa sunansa cikin 'yan takara a 2021, bai samu shiga ba a wannan shekarar.

Mu ma muna da irin wannan musun, sai dai namu a teburin mai shayi yake ƙarewa. Da za mu gina namu zauren, sunayen farko ba su da gardama. Akwai Alhaji Mamman Shata na Musawa, mai kalangu da Bakandamiya, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Akwai Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, gwanayen kotso a fada. Akwai Ɗan Anace na fagen dambe, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi da ya rasu a 2015, da Barmani Choge mai kiɗan ƙwarya da ta rasu a 2013.

To amma mu tambayi kanmu: ta yaya muka san su? Yawancinmu ba mu taɓa ganinsu a fage ba. Muryarsu ta iso mana ne saboda an naɗe ta. Gidan rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962, da faifan garmaho, da kaset, su suka riƙe mana ita. Wanda ke kusa da fada ko birni shi ya fi kusa da na'urar ɗauka. Daga baya masana suka bi sawu: Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata, Sa'idu Muhammad Gusau kuwa ya tattara tarihin makaɗa da dama.

Yanzu mu dawo gida, ƙasar Bichi da Dambatta da Tsanyawa da Kunchi, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta sai dai a ciyar da ita taki. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar irin waɗannan gonaki ce ta tashi dala a birni. Babban aikin damina a lokacin da gayya ake yin sa. Samari su jeru da fartanya, makaɗi na biye da su da gangar noma, yana kiran kowa da kirarinsa, yana zuga jarumi, yana yi wa rago zambo har ya miƙe. Shi ma mawaƙi ne cikakke, mai ƙirƙira nan take. Ba a gayyace shi gidan rediyo ba, don haka ranar da aka binne shi aka binne waƙoƙinsa. Da ƙodago da garmar shanu da maganin feshi suka rage gayya, fagen nasa ma ya tafi.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne kada shahara kaɗai ta zama ma'auni. A duba ko mutum ya ƙago salon da wasu suka bi, ko ya ƙara wa harshe wani abu, ko jama'arsa sun rayu da waƙarsa. Da wannan awo Shata zai shiga ba musu, makaɗin gayya ma yana da gurbi, haka matan da suka raya waƙar daɓe da ta niƙa.

Matsalar ita ce ba a karrama wanda ba a san sunansa ba, kuma nan aikin ya faɗo kanmu. Dattawan da suka yi noma a gaban waɗannan ganguna suna nan a ƙauyukanmu, amma kullum raguwa suke. Kowannenmu na da waya mai ɗaukar murya. Idan mun je gida, mu zauna da kaka, mu tambayi sunan makaɗin garin, da gidan da ya gada, da abin da ake tunawa na kirarinsa, mu rubuta da kwanan wata. Allah Ya jiƙan magabata.