Tafkin Tiga: Buɗe Hanyar Su ga Naƙasassu da Tsofaffi

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Tafkin yana da albarkar karfasa, tarwaɗa da ragon ruwa, kuma da su gidaje da dama suke rufa wa kansu asiri. Sai dai guragu, makafi da tsofaffi ba kasafai suke iya isa bakin ruwan ba.

Dalili kuwa shi ne, ana sakin ruwa domin noman rani, sai tafkin ya ja baya ya bar taɓo da rairayi, inda keken guragu yake kafewa. Da damina kuma gaɓa takan yi santsi.

Don haka muke ba da shawarar a tanadi waɗannan a kowace mashigar masunta:

1. Gangaren kankare har zuwa inda ruwa yake tsayawa da bazara. Kowace mita 1 ta zurfi a ba ta tsawon mita 12.
2. Dandamali mai shinge, inda mai fatsa zai jefa ƙugiya yana zaune.
3. Ƙarfen dafawa a gefen hanya domin makafi.
4. Rigar hana nutsewa ga duk mai shiga kwale-kwale.

Dokar tarayya da aka sanya wa hannu a 2019 ta haramta nuna wa naƙasassu wariya. Muna kira ga ƙananan hukumomi, dagatai da sarakunan ruwa da su zauna da naƙasassun yankinsu kafin a zaɓi wurin aiki, domin su ne suka san inda hanya take gagarar su.