Sarkawa da Jiragensu a Gulbin Kabi

Mutumin da ya fita Katsina ta Ƙofar Sauri zai yi ta tafiya bai tarad da gulbin da ya isa ɗaukar jirgi ba. Saboda haka Bakatsine ya san doki, ya san raƙumi, amma sha'anin tuƙin jirgi sai dai labari. Mai son ganin ma'abota wannan sana'a sai ya nufi yamma, ya wuce Sakkwato, ya sauka Argungu.

Can ne Sarkawa suke. Asalinsu masunta ne na ƙasar Sangai, suka biyo Kwara har suka shigo Gulbin Kabi. Sa'ad da Kanta ya yi wa Askiya tawaye, wajen shekarar 1516, ya zauna a Surame, ya ga lalle ba a mallakar ƙasar fadama sai da jirgi. An ce ya sa aka yi masa wani babba, aka lulluɓe shi da tagulla, mutum 50 ke tuƙa shi. Da damina, ruwa ya hana dawaki tafiya, shi kuwa sai ya shiga jirginsa ya zaga ƙasarsa. Abin mamaki, ajalinsa bai same shi a ruwa ba. A ƙasar Katsina aka harbe shi da kibiya, yana komowa daga yaƙin Barno.

Sarkawa suna da shugabanninsu, watau Sarkin Ruwa da Homa. Ba mai jefa taru sai sun yi gyaran ruwa sun ba da izini. Wannan doka ita ta hana a cinye kifin gulbi tun yana ƙanana.

A 1805 jama'ar Shehu suka ci Birnin Kabi. Kabawa suka koma Argungu, aka yi ta gaba tsakaninsu da Sakkwato kusan shekara 100, har zuwan Turawa. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama bai tarye shi da hawan dawaki kaɗai ba, gama Sakkwato ma tana da dawaki. Ya sa masunta suka faɗa Matan Fada da homa da gora, aka nuna wa baƙo abin da ba shi da shi a gida. Daga nan bikin su ya kafu, aka haɗa shi da kabanci, watau tseren jirage da nutso da kamun agwagwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Amma gulbin ya sāke. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ambaliyar da ke cika fadama kowace damina ta ragu, kifi ya rasa inda zai yi ƙwai kamar dā. Masunta da yawa suka jingine jirage.