Yadda Kwamfuta Ta Koyi Aibin Kwalba

Leo Fender bai iya kaɗa jita ba. Mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, inda ya buɗe shago a 1938, kuma burinsa bai wuce sauti ya fito tas, ba ƙura ba gargada. Amfilifayoyin da ya shiga ƙerawa bayan yaƙin duniya na biyu duk a kan kwalba suka tsayu, wato 'yar gilashin nan da aka zuƙe wa iska, mai jan garwashi a ciki, irin wadda ke cikin tsofaffin rediyoyin da sai an kunna an jira sun yi ɗumi kafin su ce uffan. Aikinta ta karɓi 'yar wutar da jita ke aikowa, wadda sau da yawa ba ta kai bolt ɗaya ba, ta ƙara mata ƙarfi har ta iya girgiza lasifika.

Sai dai kwalba tana da wani hali. In aka matsa mata fiye da ƙarfinta, ba ta datse kan sautin farat ɗaya. Danne shi take yi sannu a hankali, sai ya yi kauri, ya ja tsawo, ya ɗauki ɗan gurnani. Ka daki tsirkiya da ƙarfi, wutar da ke cikin akwatin ta ɗan rusuna na ƙiftawar ido sannan ta miƙe, mai kaɗawa kuwa yana jin wannan a yatsunsa. A wurin injiniya wannan aibi ne da ya kamata a kawar. Makaɗa kuma suka ce ai shi muke nema. Duk abin da ya biyo baya a sana'armu, daga wannan saɓani ya taso.

Kwaikwayon amfilifaya ma ba kwamfuta ce ta fara shi ba. A 1962 Jim Marshall, makaɗin ganga mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta Landan, ya gaji da jin samari na kukan tsadar kayan Amurka. Shi da ma'aikatansa, Ken Bran da Dudley Craven, suka buɗe cikin Bassman na Fender, suka kwafi tsarinsa kusan waya da waya. Amma taransifomarsu daban ce, kwalbar farko daban ce, suka kuma zuba lasifikan Celestion masu inci 12 a rufaffen akwati maimakon masu inci 10 a buɗaɗɗe. Abin da ya fito, JTM45, bai yi kama da uwarsa ba, ya fi ta faɗa. Kwafin da bai yi daidai ba shi ya zama muryar kiɗan rok. Zuwa 1965 Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya matsa sai an yi masa mai wat 100, aka shiga jibga akwati kan akwati a bayan dandamali.

Taransista ta cinye kasuwar rediyo da talabijin cikin 'yan shekaru, amma a wurin masu jita ta sha ƙasa. Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, shekara guda bayan haka ya fito da amfilifayoyi marasa kwalba, makaɗa suka juya musu baya. Dalili kuwa taransistar lokacin in ta kai iyakarta yanke sautin take yi tsaf, ya fito da kaifi mai cizon kunne. Wanda ya yi suna a cikinsu shi ne JC-120 na Roland, na 1975, kuma ya yi suna ne don bai yi da'awar zama kwalba ba. Tsabtar sauti ya sayar, aka saya.

A nan sai in faɗi gaskiyar wajenmu. Mu da muka tashi a gyaran kayan sauti tsakanin otal-otal, majami'u da wuraren biki, taransista muka fi sani. Amfilifaya mai kwalba takan faɗo hannunmu ne jifa-jifa, tsohuwar wata ƙungiyar kiɗa da ta watse, ko wadda wani ya yi wa dakon wahala daga Turai. In ta zo, shago yakan cika da 'yan kallo. Sai a kashe fitila a leƙa ta baya a ga kwalaben sun yi ja, ƙurar da ta kwanta a kansu tana toyuwa, warinta ya cika ɗaki. Maigidana ba ya barin yaro ya sa hannu ciki sai ya sauke wutar da kafasitoci suka riƙe, domin akwai bolt fiye da 400 a wurin, kuma ba ya tafiya don an zare filogi.

Hanyar guje wa ɗaukar kaya ta fara ne da ƙananan akwatuna. Tom Scholz na ƙungiyar Boston ya fito da Rockman a 1982, ɗan abin da ake maƙalawa a ɗamara a saurara da abin kunne. A 1989 kamfanin Tech 21 na birnin New York ya kawo SansAmp. Waɗannan duka da wayoyi da taransista suke kwaikwayo. Lissafi ya shigo ne da VG-8 na Roland a 1995, da AxSys na Line 6 a 1996, sannan a 1998 jan akwatin nan mai siffar ƙoda da aka sa wa suna POD. Shi ne ya shiga kowane lungu. Da shi mai ɗakin ɗaukar sauti da bai fi faɗin tabarma uku ba zai murɗa maɓalli ya ce ga Marshall, ya sake murɗawa ya ce ga Vox irin na Beatles, ba tare da maƙwabci ya buga ƙofa ba.

Ya yi kama da su? A cikin waƙar da aka gama haɗawa, da ganga da murya a kai, yakan wuce. Shi kaɗai kuwa asirinsa tonuwa yake yi. Akwai wani zuzu a saman sautin, kuma yana da dalili. Duk lokacin da aka murƙushe sauti, ana haifar da wasu sautuka a samansa. Na'urar dijital tana da iyakar abin da take iya ƙirgawa a daƙiƙa, waɗanda suka haura iyakar sai su dawo ƙasa a matsayin sautukan da ba su da dangi da abin da aka kaɗa. Maganinsa a ninka ƙirgar sau da yawa, kuma ƙwaƙwalwar na'urorin 1998 ba ta da wannan ƙarfi. Ga shi kuma in ka sassauta hannu, sautin ba ya washewa yadda kwalba ke yi. Shi ya sa manyan makaɗa suka raina abin, kuma a lokacin da gaskiyarsu.

Abin ya canza da mutum biyu da suka bi hanyoyi daban. Cliff Chase na kamfanin Fractal Audio a Amurka ya fito da Axe-Fx a 2006. Shi tsarin amfilifayar yake bi ɓangare-ɓangare, ya rubuta halin kowace kwalba da kowace taransifoma a lissafi, har da rusunawar wutar nan. Christoph Kemper na Jamus, wanda dama ya yi suna da na'urar kiɗa ta Access Virus, ya ce ba sai an buɗe ciki ba. Na'urarsa ta 2011 takan aika wa amfilifayarka wasu ƙararraki marasa daɗin ji, ta saurari abin da ya dawo ta makirufo, cikin ɗan lokaci ta ajiye halinta. Daga nan Helix ya zo a 2015, Quad Cortex na kamfanin Neural DSP na Finlan a 2021, sai kuma manhajar Neural Amp Modeler ta Steven Atkinson, wadda ke koyon halin amfilifaya ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, kuma kyauta ce. Shekara da shekaru ke nan ƙwararrun injiniyoyi na zuba ilimi don kwamfuta ta iya yin abin da injiniyoyin farko suka yi ta ƙoƙarin hanawa.

Manyan ƙungiyoyi sun sauya ne don dalilan da ba su shafi kunne kaɗai ba. A watan Disamba na 2013 Metallica ta yi wasa a nahiyar Antatika, inda dokar kare muhalli ta hana sakin ƙara, 'yan kallo suka saurara da abin kunne. Axe-Fx suka ɗauka, kuma suka ci gaba da shi bayan sun dawo. Lissafin a fili yake. Twin Reverb mai kwalba ya kusa kilo 30, akwatin lasifika huɗu na Marshall ya haura kilo 35, kuma jirgi da nauyi yake cajin kuɗi. Kamfanin Fender da kansa a 2019 ya fito da Twin ɗin dijital, fuska ɗaya suna ɗaya, nauyi kusan rabi. Su kuma kwalaben, masana'antun da suka rage suna yin su da yawa ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, akwai ta Saratov a Rasha, da JJ a Sulobakiya, da na Sin. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 aka shiga takunkumi da hana fitar da kaya, sai kwalba ta yi wuya, farashinta ya yi tsalle. Wanda ke Turai ma ya ji a jikinsa, balle mu da sai an yi mana saƙo.

To amma ranar da mutum ya sauya, kusan kullum da ƙorafi yake dawowa. Wani yaro mai kaɗa jita a majami'a ya shigo mini da sabuwar na'urarsa a jaka, ransa a ɓace.

"Oga, an cuce ni. A bidiyo ba haka take ba. Sautin ba ya tura ni."

"Ƙanena, ina ka jona ta?"

A bakin tsohuwar amfilifayarsa ya jona ta, alhali kwaikwayon lasifika na kunne a cikin na'urar. Lasifikar jita dama ba ta fitar da abin da ya haura karkarwa 5,000 a daƙiƙa sosai, shi kuma ya tace sautin sau biyu, ya fito a toshe. Na kashe masa wannan sashe, fuskarsa ta ɗan saki. Sannan na jona ta kai tsaye a mikisa, na ce ya je ya tsaya inda jama'a ke zama, ni in kaɗa. Daga can ya ɗaga mini babban yatsa. Da ya dawo kan dandamali ya karɓi jitar, sai ya ce har yanzu da saura.

Da saura ɗin, kuma ba laifin na'urar ba ne. Abin da take ba ka shi ne sautin amfilifaya kamar yadda makirufo da aka manna a jikin lasifika ya ji shi, wato sautin faifai. Wanda ya saba da akwati a bayansa kuwa ya saba da iska na bugun ƙafafunsa, da bango na mayar masa da amo, da tsirkiya na amsa ƙarar lasifikar tana ƙara tsawo. Bambancin wanda ke tsaye kusa da mai kalangu ne da wanda ke jin sa a rediyo. Sai dai a babban taro jama'a dama ta makirufo suke jin jita tun da daɗewa. Mutum ɗaya ne ya yi asara, shi ne mai kaɗawa, kuma asarar gaske ce, domin wanda bai ji daɗin sautinsa ba hannunsa yakan mutu. Wanda abin ya dama, sai ya kashe kwaikwayon lasifika ya nemi akwatin jita na gaske ya ajiye a bayansa.

Kuskure na biyu shi ne gyara sauti da tsakar dare da abin kunne. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙasa da saman sauti sosai in ƙara ta yi ƙasa, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Sai mutum ya yi ta ƙara su, gobe a filin biki a buɗe murya, saman ya zama allura, ƙasan ya rufe mai bes. A ƙarar da za a yi wasa ake gyara sauti.

Wutar lantarkinmu ma ta zaɓi ɓangare. Kwalba da ƙarfin wutar bango take rayuwa, in janareta ya yi sanyi muryarta ta yi laushi, in ya yi tsalle ta ci wuya. Na'urorin kwaikwayo da yawa suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240 ba tare da sauti ya motsa ba, ƙananan ma batirin cajin waya ya ishe su. Illarsu, in an ɗauke wuta a tsakiyar waƙa sai an jira sun gama farkawa, amarya na tsaye a fili.

Inda nake da ƙorafi shi ne kan teburin gyara. Taswirar Bassman shafi ɗaya ce. Wadda aka ƙera kafin a haife ni, in ta mutu, da mita da ƙarfen dalma zan bi ta in tashe ta. Wata na'urar kwaikwayo da aka kawo mini bayan harmatan ta cika ta da ƙura, allonta ya ɗauke, na buɗe na tarar da faranti mai hawa-hawa da ƙwayoyin da ido ba ya raba ƙafafunsu. Muka rubuta wa kamfanin, amsarsu a aiko ta ƙasar waje, kuɗin aikawa ya kusa na sabuwa. Tana nan a kan kanta.

Akwai kuma abin da ke ba ni mamaki in na duba jerin sunayen da ke cikin waɗannan na'urori. Bassman, AC30 na Vox, Marshall na shekarun 1960, Twin, JC-120, kullum su ne a sahun gaba, ko da an ɓoye sunayen don gudun shari'a. Sautin da ke tashi a bukukuwan Agadas, inda ƙaramar amfilifayar taransista ke kuka a ƙarshen ƙarfinta kan wutar janareta, babu wanda ya tsara shi, kamar yadda babu wanda ya tsara JTM45 ya fito yadda ya fito. Na ari irin wannan 'yar amfilifaya daga wani makaɗin biki, lasifikarta da ɗinkin gam a gefe, na ɗauki halinta da manhajar Atkinson. Ta kama gurnanin, har da ɗan kakarin da gam ɗin ke yi. Amma ta kama shi ne a inda maɓallan suke a ranar. Da mai ita ya zo ya gwada, ya kai hannu zai rage ƙara yadda ya saba yi in mawaƙi ya shigo, sai sautin ya ragu kawai bai washe ba. Dole muka sake ɗauka a wurare daban-daban na maɓallin, muka jera su a ƙarƙashin ƙafarsa, ya koyi taka su maimakon murɗawa.