AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Asalin Kiristocin Wusasa Da Yadda Suke Yin Sujadarsu

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Funtuwa. Bayan gaisuwa, ya ce kwanan baya ya kai ƙanensa asibitin Wusasa kusa da Zariya, har Lahadi ta riske su a can. Da hantsi sai ya ji waƙa tana tashi daga wani tsohon ginin ƙasa, da Hausa tsantsa, ya kuma ga dattawa da manyan riguna da huluna suna shiga. Da ya koma gida ya ba abokansa labari a rumfa, sai gardama ta kaure, waɗansu na cewa ai baƙi ne kawai suka iya Hausa. Shi ne yake so a warware masa: su wane ne waɗannan mutane, yaushe suka fara, kuma yaya ibadarsu take?

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan takarda taka, Allah kuma ya ƙara wa ƙanen naka sauƙi. Matambayi dai ba ya ɓata. A taƙaice, waɗanda ka gani ɗin da yawansu Hausawa ne da Fulani gaba da baya, kuma tarihin ikilisiyarsu ya haura shekara 100. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Labarin yana da saiwa biyu, ɗaya daga Ingila, ɗaya daga Kano.

Ta farko ita ce ƙungiyar mishan ta C.M.S., wato ta cocin Angilika. A cikin shekara ta 1900 wani bishop mai suna Tugwell ya jagoranci 'yan mishan kaɗan daga Ikko, suka yi ta tafiya har birnin Kano. Sarkin Kano na lokacin, Alu Babba, bai karɓe su ba, ya ce su fice masa daga gari. Sai suka juyo kudu suka yi zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai wani saurayin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila. Shi wannan tun kafin ya zo ya je Tarabulus ta ƙasar Libiya ya koyi Hausa wurin Hausawan da ke can.

Ka san bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka ba a sakar wa 'yan mishan mara su shiga biranen Musulmi yadda suka ga dama ba. Duk da haka a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Likita Mila ya sami wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Shekara da shekaru yana nan, waɗanda suka bi addininsa ba su taka kara sun karya ba.

Saiwa ta biyu kuwa ta girmi zuwan Turawa. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, ana ce da shi Malam Ibrahim. Cikin karatunsa ya zurfafa bincike a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har ya tara almajirai yana koya musu girmama shi fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Hukumar Kano ta ɗauki abin a matsayin fanɗarewa, aka kashe shi a kasuwa. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi, waɗansu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Su ne ake kira Isawa. Ka lura, su ba Kirista ba ne a lokacin, ba su taɓa ganin coci ba. Manoma ne da malaman karkara masu riƙe da abin da malaminsu ya bar musu.

A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawan nan suka iske Likita Mila a Zariya, suna son su ji abin da littafinsa ya ce game da Isa. Daga nan dangantaka ta ƙullu, har iyalai da dama suka karɓi baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista. Aka sama musu wuri a Gimi, suka kafa ƙauye, suka share gonaki, suka gina ɗakin sujada da makaranta. Wanda ya zauna da su yana koyarwa wani fasto ne baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, ana ce da shi Thompson.

Sai dai zaman Gimi bai yi ƙarko ba. Wurin akwai ƙudan tsando, ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, manya da yara. Cikin 'yan shekaru dole sauran suka tashi, aka kwashe marayu zuwa makarantar mishan ta Zariya. Kai manomi ne ko ɗan kasuwa, ka auna ka gani: mutum ya rabu da danginsa saboda abin da ya gaskata, ya sari sabon daji, kana annoba ta cinye masa iyali. Abin da ya hana raguwar jama'ar nan tarwatsewa shi ne sun riƙe juna, wanda ya rasa uwa ya sami uwa, wanda ya rasa gida aka buɗe masa ƙofa. Wannan riƙon juna shi suke kira zumunta, kuma za ka ji kalmar tana yawo a bakinsu har gobe.

Ana nan, hukuma ta ga zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi yana jawo ƙorafi, wurin kuma ya yi musu kaɗan. Sai aka ba su fili a bayan ganuwa, gindin duwatsun Wusasa, suka tare a can a 1929 ƙarƙashin wani fasto Bature mai suna Guy Bullen. A shekarar ce aka gina cocin nan da ka gani, wanda aka sa wa sunan Batalamawus, ɗaya daga almajiran Yesu goma sha biyu. Ba a yi shi irin na Ingila ba. Maginan Hausa ne suka gina shi da tubali da ƙasa, da bakan gizo a ciki irin na soron sarakuna da manyan masallatai. Aka kuma kafa asibiti da makarantu. Shi kuwa Likita Mila ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, tare da waɗansu 'yan mishan da Hausawa mataimaka, har aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausar boko a 1932. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952.

Yanzu sai mu zo ga yadda ibadar take, tunda ita ce ta fi ɗaukar maka hankali.

Babbar ranarsu ita ce Lahadi, taron kuwa sujada suke kiransa. Ana farawa da waƙa, kana jama'a su durƙusa su furta zunubansu gaba ɗaya suna neman gafarar Allah. Sai a karanta Zabura, a karanta wani yanki daga Tsohon Alkawari, wato littattafan Attaura da na annabawa, a kuma karanta wani daga Sabon Alkawari inda Linjila take. Bayan haka fasto ya yi wa'azi a kan abin da aka karanta, a yi addu'a domin marasa lafiya da matafiya da shugabannin ƙasa, a kuma roƙi damina mai albarka in lokacinta ne. Ana zagayawa da kwano ko jaka kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, wannan shi ne baiko. A waɗansu ranaku akan yi Jibin Ubangiji, inda waɗanda aka tabbatar cikin ikilisiya ke cin ɗan gurasa su kurɓi ruwan inabi, don tunawa da jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa.

In ka kasa kunne za ka ji kalmomin da ka saba da su: Allah, Ubangiji, addu'a, tuba, gafara, albarka, mala'ika, aljanna, amin. Dalili kuwa masu fassara ba su ƙago wani sabon harshe ba, Hausar da suka tarar ita suka ɗauka. Wannan ba ya nufin aƙida ɗaya ce. Kirista sun gaskata Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, ya mutu a kan gicciye ya tashi, alhali kuwa Musulmi sun riƙe cewa Isa Annabin Allah ne, ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Kowane ɓangare ya san wannan bambanci sarai. Harshe ne da al'ada suka zama na tarayya.

Ban da Lahadi, akwai addu'ar asuba da ta dare a cikin gida, inda maigida ke tara iyali a karanta 'yan ayoyi, a yi shiru kowa ya auna halinsa da abin da ya ji. Akwai kuma azumin kwana 40 kafin bikin Ista, lokacin da ake rage ci da sha da shagali, a yawaita tuba da taimakon mabukata. Kirsimeti kuma ranar 25 ga Disamba, ita ce ake dafa shinkafa da nama a aika wa maƙwabta, Musulmi da Kirista, kamar yadda su ma ake aiko musu da tuwon salla da naman layya.

Wani biki da zai burge manoma shi ne godiyar kaka. In an gama girbi, kowane gida kan kawo nasa cikin coci: wannan damin dawa, wancan buhun masara, wata kwaryar gyaɗa, wani ma akuya ko zakara. A yi godiya ga Allah, kana a sayar ko a raba, a taimaki gwauraye da marayu, a kuma gyara ginin coci.

Amma in ka tambayi masu abin, za su ce maka ƙashin bayan ikilisiya mata ne. A kusan kowane coci na Arewa akwai Zumuntar Mata. Sukan taru a tsakiyar mako da zane iri ɗaya, su yi karatu da addu'a, su rera waƙoƙin da suka tsara da kansu da karin gargajiya, ana buga tulu da ganga da caki. In wata ta haihu su ne a gidan da itace da sabulu, in an yi rasuwa su ne masu girki da zaman makoki, in wata ta kwanta asibiti su bi layi suna dubiya. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, su kuwa sun ɗauki maganar da gaske.

Wannan 'yar ƙaramar jama'a ta fitar da mutanen da ƙasa ta san da su. Dakta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje a zamanin Shagari. John Tafida shi ne suka rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, asalinsa Angas ne daga Filato, amma a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara. Ka ga ke nan abokanka ma ba su yi kuskure ɗungum ba, garin ya tara kabilu da yawa, sai dai tushensa na Hausawa da Fulani ne. Daga shekarun 1970 kuma Maguzawa da dama a ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau suka shiga addinin Kirista, har ga su nan kusa da kai a ƙasar Malumfashi, su ma da Hausa suke sujada.

Ba za mu ɓoye ba, zaman bai rasa tsami. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka yi asarar rayuka, aka ƙona wuraren ibada, Wusasa ma wutar ta taɓa ta. Irin wannan fitina takan sami wurin shiga ne inda maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, sai abin da aka gaya masa. Rashin sani ya fi dare duhu. Kai da ka kwana a asibitinsu, ka ga yadda ake karɓar majinyaci ba a tambayi addininsa ba, ka kuma koma ka yi tambaya maimakon ka yanke hukunci, ka riga ka yi abin da ya kamata.

Saboda haka Alhaji, in ka koma rumfa sai ka gaya wa abokan gardamar taka cewa waɗanda ka ji suna waƙa 'yan ƙasa ne, kakanninsu sun yi noma a Gimi, kakannin kakanninsu sun yi karatun allo a Kano. Da fatan ka gamsu. Sauran masu sauraro kuma, a ci gaba da aiko mana da takardu, a riƙa rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Sai wani makon in Allah ya kai mu.